Namijin Dabinon da Mele Ya Sare

Mele ya sare mini dabino. Ba mace ba, namiji, wanda tsofaffin Gure suka sani da suna Ango. Ina Gidigir wajen zaman makoki ya sa aka kwantar da shi, aka tsattsaga, ya yi azarar sabon butik ɗinsa, watau kantinsa na bakin kasuwa, ya aza tol, kwanon rufi, a kai. Ƙasar garkar tasa ce, gadon ubansa, ban taɓa musu ba. Amma itacen nawa ne, kuma ya sani, don a gabansa aka ba ni shi. Samarin yanzu in na faɗi haka sai su dubi juna, wai mutum da furfura a gemu yana rigima a kan itacen da bai taɓa yin ɗa ko ɗaya ba. Ban ga laifinsu ba. Garin da na sani ba shi suka tarar ba, kuma ba wanda ya zauna ya gaya masu.

Gure ta wancan zamani da kunne ake fara saninta. Ana idar da asuba taɓarya za ta ɗauka a gida guda, wata ta amsa mata daga can gindin dutse, kafin rana ta leƙo gari duka ya zama lugude, ba wanda ya shirya shi. Uwata Babarbariya ce, tana daka tana waƙa da yarensu. Ubana Bahaushe ne da ya biyo ayari daga wajen Damagaram yana saurayi, ya sha ruwan nan ya kasa komawa, shi da Hausa yake yi wa jakinsa faɗa. Ni a tsakaninsu na tashi, in na yi ɓarna da harshe biyu ake zagina. Can sai ƙahon bariki ya busa daga kan tudu, karnuka su taya shi, tsofaffi su ce Nasara ya tashi, kowa ya iya bakinsa. Sai matan Fulani su shigo da ƙore a ka, tsofaffin Barebari na zaune suna shan hantsi, su tare su da tsiya, wai ruwan rijiyarmu kuka zuba wa farar ƙasa kuka dawo sayar mana. Su kuma su ce in ba don nonon ba da tuni tuwo ya shaƙe Babarbare. A yi dariya, a saya. Ranar kasuwa kuwa tun daga nesa kake jin raƙuma na gunaguni ƙarƙashin manda da kanwa, fataken Kano masu turkuɗi na ciniki da yatsu da wanda ba ya jin harshensu. Yanzu me kake ji da safe? Kamiyo, babbar motar kaya, na tari a tasha, rediyon maƙwabci na ba ka labarin ƙasar da ba za ka taɓa zuwa ba, shi kuwa maƙwabcin bai san ka kwana da zazzaɓi ba.

Amma ni duniyata ba cikin gari take ba, a kwari take. In ka fita bayan gari ka kama tudun rairayi, ƙafa na nutsewa, ba ka ganin komai sai fari da sama, har ka ce ƙasar nan ba ta taɓa sanin ruwa ba. Kana kai ƙoli sai ga shi a ƙarƙashinka kamar ƙwaryar da aka cika da ganye: goruba a gefe gefe, dabino daga ciki, tsakiya kuwa garake, alkama da albasa da barkono, da farin kanwa a bakin tabki. Kana gangarawa iska na canjawa. Rabin gangara sanyi zai taɓa maka ƙwauri, sai ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa, sai kukan jigo, wannan ya yi ƙiii wancan ya amsa, ruwa na gudu cikin fangali. Ruwan kuwa ba nisa, mutum ya haƙa iya ƙugunsa ya tarar. Ubana yakan ce Allah ya ɓoye wa talaka aljannarsa a rami don kada mai doki ya hango. Shi ba shi da ko taki ɗaya a wurin. Baran Bulama ne, watau mai unguwarmu, shi ke noma masa garka, a ba mu abin da aka ba mu. Amma in yana tafe tsakanin itatuwan nan yana dafa wannan yana duba wancan, ka rantse shi ya dasa su duka.

A gefen garkar Bulama Ango yake, ya fi kowane dabino tsawo, ya ɗan karkata gabas kamar mai sauraron magana. Wanda bai san dabino ba bari in gaya masa: macen ita ke ƴaƴa, amma in ba a kai mata furen namiji ba, abin da za ta zubo ƙanana ne marasa ƙwallo, ko akuya sai ta yi shawara kafin ta ci. Maza akwai su nan da can, amma tsofaffi sun ce furen Ango ya fi kamawa, ƴaƴansa sun fi tsoka. To in sanyi ya shigo, kuben furen ya kumbura ya tsage, sai kwari ya ɗauki ƙamshi irin na ƙullun gero sabon niƙa, zuma su yi ta shawagi a kansa. Ran nan kowa ya san an fara biki. Masu dabino su taru a gindinsa da hantsi, ubana ya ɗaura igiya a ƙugu, ya yi bisimilla, ya hau. Ya yanko furen, fari sol, gari na zuba daga jikinsa a kan mutane. Kowa ya karɓi silinsa ya nufi matan dabinonsa, ya hau ya cusa cikin furen macen, ya ɗaure da ganyen zarɓa. Auren dabino muke ce wa wannan. Tsofaffin mata masu tsinkar barkono har guɗa suke yi don tsokana, wata ta ce Ango bai biya sadaki ba, ubana daga sama ya ce a tambayi amaren in akwai wadda ta taɓa yaji. Furen ba a sayar da shi, kamar wuta ne da ake ɗiba a maƙwabta. Sai dai in dabino ya nuna, duk wanda ya ɗiba zai kai wa mai namijin abin da ya sawwaƙa, wani nonon dabino guda, wani cikin ƙoƙo. Ba mai bin wani, kuma ba mai mantawa.

Mele ɗan Bulama ne, sa'ana, tare aka yi mana kaciya, ludayi ɗaya muke karɓa-karɓa a kan fura. Ba zan ɗora masa abin da bai yi ba: yaro ne mai kyauta, in an ba shi nakiya sai ya gutsura mini. Abu ɗaya, ba ya iya hawa. Da ya ɗan ɗaga daga ƙasa ya waiwaya sai ya sauko. Don haka da ubana ya fara koya mini, ni ke sama, Mele na ƙasa ya buɗe gaban rigarsa yana tare furen kada ya taɓa rairayi. Ubana ya sassara mini matakai a jikin Ango daidai ƙafata, don nasa sun yi mini nisa. Koyarwarsa ba ta da yawan magana. Ya ce kada in dubi inda na fito, kada in dubi inda za ni, in dubi inda hannuna yake. Ya ce ƙayar zarɓa ba ta sukar wanda ya gaishe ta, watau in bi a hankali. Duk da haka ta soke ni, tabon na nan a damtsena.

Shekarar da aka fara barina in hau ni kaɗai, a cikinta abin ya faru. Ina can ƙoli da hantsi, na zauna tsakanin zarɓa, garin fure ya rufe mini gira da hanci. Abin da ake gani daga can ba ya faɗuwa daidai. Tuddai sun kwanta ɗaya bayan ɗaya kamar raƙuma a zango, duwatsu sun yi shuɗi, hayaƙin gari ya miƙe tsaye, hanyar Kelle ta zama zare, da wani mutum a kanta shi da jakinsa, ƙanana kamar tururuwa. Itacen na lilo da ni kaɗan kaɗan, muryoyin ƙasa na iso ni kamar daga cikin rijiya. Na ji a raina in aka bar ni a nan har in tsufa ba abin da zan nema. Sai na hango jar hula tana gangarowa daga tudu. Gardi ne, ɗan sandan bariki, Bulama a gabansa, Mele na biye yana jan ƙafa. Bulama bai saba saukowa kwari da kansa ba. Jigo ya yi shiru, wannan bayan wancan.

Abin da ya kawo su kowa ya riga ya ji ƙishin-ƙishin. Kwamandan, Nasaran da ke mulkin gari, ya ce kowane mai unguwa ya kawo ɗansa lekwal, makarantar Nasara. A lokacin kuwa wanda aka kai lekwal kuka ake yi masa kamar an fita da gawa, ana cewa zai dawo ba salla ba kunya. Bulama ya ja ubana gefe, amma kwari ba ya riƙe asiri, har sama na ji. Ya ce Mele ya yi nisa a allo, malaminsa ya ce asara ce a cire shi. Ya ce gardi ya yarda, shi yaro aka ce ya kawo daga gidan Bulama, kuma ai ɗan bara ɗan gida ne. Ya ce zai ba da tunkiya da ɗanta, ko macen dabino, ubana ya zaɓa. Ubana ya daɗe yana duban yatsun ƙafarsa. Wanda ke ci a hannun mutum ba ya ce masa a'a, wannan ko ni na sani. Da ya ɗaga kai ba Bulama ya duba ba, ni ya duba.

“Ranka shi daɗe, in za a ba yaron abu, a ba shi wanda yake kai.”

Mutane suka yi dariya, har gardin. Wani ya ce Bahaushe ya sha rana, an miƙa masa saniya ya zaɓi ƙaho. Bulama ya ce ya ba ni, duniya da lahira, ƙasa da mai ita, itace da mai shi, kamar yadda aka gada. Ubana bai gamsu ba. Ya ce Bulama babba ne, shi ma babba ne, yaran nan su za su rage, a sa Mele ya dafa. Aka jawo Mele ya dafa Ango, yana kuka majina har baki, ya ce ya ji, na abokinsa ne. Liman na cikin masu jiran fure, ya shafa fatiha. Sannan ubana ya ce in gama yankan tukuna, mutane na jira. Na gama. Na sauko, ban taɓa saukowa a hankali kamar ran nan ba. Gardi ya kama ni, da garin fure a kaina na shiga lekwal. Malamin wurin, da ake ce wa Mushe, ya dube ni ya ce a kai wannan a wanke.

Labarin lekwal ba shi da daɗin faɗi, ba zan ja shi ba. An koya mini Faransanci iya wanda zan gane in an zage ni. Aka tura ni Damagaram, ban kai ga takardar ƙarshe ba ubana ya rasu, na gudo, aka mayar da ni, na sake gudowa, suka gaji. Na fito ba malami ba, ba manomi ba, ba ma'aikaci mai alƙalami ba. Falanto na zama, mai zaman benci a ƙofar biro, watau ofishin hukuma, a kira ni da ƙararrawa in kai saƙo. Nasara ya tafi, namu suka hau kujerar, ƙararrawar ba ta canja murya ba. Mele kuwa, allon da aka ce asara ce a raba shi da shi, ko rabi bai kai ba ya jingine, ya bi fatake, Allah ya buɗa masa. Ban yi masa hassada ba, ko in ce ban yi da yawa ba.

A shekarun nan ne na gane abin da ubana ya hango yana duban yatsun ƙafarsa. Tunkiya da an yanka ta ko ta mutu. Macen dabino shekara ta yi, shekara ta ƙi. Amma Ango, muddin akwai mace a kwari, sai an zo gindinsa. Bayan rasuwar ubana aka karɓe garka aka ba wani bara, uwata ta rage ba gona ba namiji a gida. In dabino ya nuna sai ta ji ana sallama, wushe wushe irin ta Barebari, ga na Ango. Wannan ya ajiye, wancan ya ajiye, ta shanya a tabarma, ta ci, ta kai kasuwa ta sauya da hatsi. Ba sadaka ba ce, shi ya sa take karɓa kanta a sama. Kuma duk wanda ya kawo sai ya zauna ya sha ruwa, ya ba ta labarin wadda ta haihu da wanda raƙuminsa ya ɓata. Har ta koma ga Allah ƙofarmu ba ta yi ciyawa ba. Ni ma da na dawo gari, duk sanyi sai na roƙi izini a biro, in tuɓe takalmi in hau. Sau ɗaya a shekara ni ma mutum ne da ake ɗaga kai ana jira.

Ban ce komai yana nan yadda yake ba har ran da aka sare shi. Ruwa ya yi ƙasa, rairayi ya ci goruban gefe ya fara leƙen garake. Samari sun tafi Nijeriya neman arziki, waɗanda suka rage sun ce hawa wahala ne, ai iska ma tana kai fure. Masu zuwa gindin Ango suka ragu, sai tsofaffi, mu gaisa mu tuna waɗanda babu. Shekarun bayan nan ba mai guɗa ko ɗaya. Amma ana zuwa, kuma ƙamshin bai rage komai ba.

Da na dawo daga Gidigir ban bi ta gida ba, na bi ta kwari, don kube ya kusa tsagewa ina so in duba. Na hau tudu na tsaya. Na daɗe ban gane abin da ya ɓace ba, sai dai na ga sama ta yi yawa a gefen gabas. Da na gangara na tarar da kututture, da zarɓa zube awaki na tattakawa, da kube ɗaya a rairayi da bai kai ga buɗewa ba. Na tsaga shi da wuƙa. Furen na ciki, fari, a jere, bai san abin da ya faru ba. Mai garkar da ke kusa ya kasa haɗa ido da ni, ya ce mai ƙasa ne ya turo, wai inuwa na hana albasa, wai kuma itace ne da ba ya kawo komai. Washegari na je kasuwa na tsaya a ƙofar butik. Mele ba ya nan. Na ɗaga kai, ga matakan da ubana ya sassara mini a jikin azara, a kwance, sama da buhunan shinkafa. Aka ce me za a ba ni, na ce ba komai.

Ban kai ƙara ba. Wajen wa? Liman ya mutu, Bulama ya mutu, masu jiran fure na ran nan duk sun bi su. Shaida ɗaya ya rage, shi ne kuma ya aiko da gatari. Na daina bi ta ƙofarsa, shi ma in ya hango ni sai ya shiga duban kaya. Haka muka ci damina da kaka.

Sai bana Allah ya kira shi Makka. Kun san al'ada, mai tafiya hajji sai ya bi gida gida yana neman gafara, kada ya tafi da haƙƙin wani a wuya. Ya zagaye unguwa duka, ni ya bari ƙarshe. Da la'asar ya zo, shi da sabon liman da wasu dattawa, ina zaune a ƙofar gida ina gyaran igiyar guga. Na shimfiɗa masu tabarma, don a gidan ubana ba a barin baƙo tsaye. Ya yi ƙiba, sai da ya dafa bango ya zauna. Ya ce da ni abokina, kalmar da rabon da in ji ta a bakinsa tun ba mu da gemu. Ya ce sharrin Shaiɗan ne da matsin magina, azara ta yi wuya a gari. Ya ce in shiga garkarsa in zaɓi mace biyu cikin waɗanda suka fi ƴaƴa, ya ba ni halak malak. Liman ya jawo falalar yafiya, dattawa na gyaɗa kai, har ɗayansu ya ce ai riba na ci, an karɓi wanda ba ya haihuwa an ba ni masu haihuwa. Na dubi Mele ko zai gyara masa maganar, don ya fi kowa a wurin sanin abin da ya sare. Bai gyara ba. Ya sunkuyar da kai ya ce:

“Ka yafe mini, don Allah. Jibi za mu tashi.”

Na tambaye shi ko ya tuna ranar. Ya ce ya tuna. Na ce har abin da ya faɗa da bakinsa? Ya ce har shi. Da cewa ya yi ya manta, wallahi da abin ya fi mini sauƙi. Na ajiye igiyar na dube shi, sai na ji tausayinsa na neman kama ni, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Na ce:

“Mele, riƙe matanka, ba ni da mijin da zan ba su. Na lahira na yafe maka, liman shaida ne, je ka yi hajjinka wuyanka sakayau. Ba don kai na yi ba. An ce yinin can dogo ne, ba na so a tashe ni a tsayar kusa da kai ana shari'ar itace. Amma na duniya yana nan. In Allah ya dawo da kai kowa zai zo ya ce maka Alhaji, ban da ni. In mun haɗu a hanya ka wuce abinka. Ran da aka fito da ni kuma, kada ka kama makarata.”